Kunnen Yaro Amana Ne: Mu Koya wa 'Ya'yanmu Bege Tun Daga Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi mana ji da gani da zukata, Ya kuma sanar da mu cewa kowanne daga cikinsu abin tambaya ne ranar gobe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, da dukkan waliyyan Allah na gabas da yamma.

Bayan haka, ya 'yan'uwana a cikin Allah, iyayena maza da mata, muƙaddamai da zakirai, musamman na ƙasarmu ta Magarya da Dungas.

Ni almajiri ne, ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma shekaruna ba su kai na mai tsayawa gaban manya ya yi wa'azi ba. Ku ɗauki wannan a matsayin tunatarwar ƙane ga yayyensa, da ta ɗa ga iyayensa. Abin da ke daidai a cikinta daga wajen malamanmu na samo shi.

Maganar ita ce ta abin da ke shiga kunnen yaranmu. Uwa tana duba furar da za ta ba ɗanta, ta tace ruwa, ta kore ƙuda. Uba yana tambayar da wa yaron yake yawo. Amma kunne mun bar shi kamar rumbun da ba a rufe ba, duk tsuntsun da ya zo wucewa ya sauka. Alhali kunne shi ne ƙofar da ta fara buɗewa: jariri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, kuma abin da aka saba fara yi masa a gidajenmu idan ya faɗo duniya shi ne kiran salla a kunnensa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira (1111), a babin sauraro na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kafa hujja da jariri: yana cikin kuka, sai a rera masa murya mai daɗi, ya yi shiru ya karkata gare ta. Ya kuma kawo misalin raƙumi, wanda waƙar mai kora shi ke sa ya manta nauyin kaya da nisan hanya. To abin da ke motsa jariri da raƙumi, wane ne zai ce zai cire shi daga zuciyar ɗan shekara bakwai? Yaro zai yi waƙa ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wace waƙa, kuma daga bakin wa.

Ku duba yadda muke zaune. Daga Sassumburum da Yekuwa da Kwaya, zuwa Bande da Waca, har Dungas da Dogo-Dogo da Malawa, ƙasar nan duka jingine take da iyakar Najeriya. Mutanenmu sun saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, suna shiga Babura da Daura kamar mai shiga gidan maƙwabci. Waƙar da aka saki a Kano da hantsi, kafin a kira la'asar tana cikin salular saurayi a fadar shayi. Wanda ba shi da intanet ya ba mai tura waƙoƙi 'yan dala a kasuwa ya cika masa kati. Idan aka gama girbi maza suka tafi ci-rani Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya, wayar da aka bar wa uwargida don a riƙa gaisawa, rabin yini a hannun yara take.

Sai ka ga yaro bai gama haɗa Fatiha ba, amma amshin waƙar fim yana bakinsa tsaf, har da inda mawaƙin ke jan numfashi. Wasu iyaye in sun ji haka sai su ce yaron ya lalace. Ni kuwa abin da nake gani shi ne kunne mai kama sauti, ƙwaƙwalwa mai riƙewa, harshe mai saurin juyawa. Kayan aikin mahaddaci ke nan cif, ba a dai ba shi abin da zai ɗauka ba. Tsawa da bulala ba sa goge abin da ya riga ya shiga. Iyakar abin da suke koya wa yaro shi ne ya rage murya idan ya ji tarin babansa a zaure.

Bari mu koma ga wanda shi ne ma'auninmu a komai (SAW), mu ga yadda ya yi da yara masu murya.

A shekara ta 8 bayan hijira, a hanyar dawowa daga yaƙin Hunaini, wasu samarin Makka waɗanda Musulunci bai shiga zuciyarsu ba tukuna suka ji ladanin Manzon Allah (SAW) yana kiran salla, sai suka riƙa kwaikwayonsa da ƙarfi suna izgili. Annabi (SAW) ya ji, ya aika aka kawo su. Ya tambaya wane ne mai muryar nan da ta fi tashi, suka nuna Abu Mahzura. Ya sallami sauran, ya riƙe shi. Abu Mahzura da bakinsa ya faɗa cewa a lokacin babu abin da ya fi ƙi kamar Annabi da abin da yake umartarsa da shi. Sai Annabi (SAW) ya koya masa kiran salla da kansa, kalma bayan kalma, ya ba shi 'yar jaka mai azurfa a ciki, ya ɗora hannunsa mai albarka a goshinsa ya shafa, ya yi masa addu'a. Nan take ƙiyayyar ta koma ƙauna, har ya roƙi a ba shi ladancin Makka, aka kuwa ba shi. An ruwaito cewa bai ƙara aske gashin wurin da hannun ya taɓa ba, kuma ladanci ya daɗe a cikin zuriyarsa. Wannan kiran salla da tsofaffin ladananmu na Malikiyya ke yi, inda ake faɗin kalmar shahada a hankali sannan a maimaita ta da ɗaga murya, daga darasin wannan rana ya samo tushe. Duk asubar da ladanin unguwarku ya yi haka, kuna jin sakamakon yadda aka bi da wani saurayi mai izgili ne. Da a garinmu aka kama shi, me za mu yi masa? Kowa ya san amsa.

Na biyu, Imamu Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa Annabi (SAW) ya shigo wurinta washegarin aurenta, 'yan mata ƙanana suna buga duffi, wato irin mandirin nan mai fuska ɗaya, suna ambaton iyayen da suka yi shahada a Badar. Sai ɗaya daga cikinsu ta saka wani baiti mai cewa a cikinsu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe. Sai ya ce ta bar wannan ta koma ga abin da take faɗa da farko. Ku lura da kyau. Bai karɓe duffin ba, bai kori yaran ba, bai kuma bar maganar ta wuce don yabonsa ake yi ba. Baiti ɗaya ya cire, waƙa ta ci gaba. Haka nan ranar idi a ɗakin Nana A'isha (RTA), 'yan mata biyu na Ansar suna rera waƙar yaƙin Bu'asu, Sayyidina Abubakar (RTA) ya shigo ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su, ranar idi ce. Wanda ya haɗa waɗannan ƙissoshi uku zai ga hanya ɗaya: a jawo yaro kusa, a gyara masa kalma, a ba muryarsa aikin yi.

Na san wani zai ce: to ina hadisin da ya zo a Buhari game da mutanen da za su halatta kayan kiɗa? Ina maganar Risala? Gaskiya ne, kuma ba za mu tsallake su ba. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira (996), a cikin Risalar da muke karantawa a zaure, ya hana sauraron kayan shagala da waƙar banza da gangan, ya togace duffi a wajen aure, ya kuma ambaci saɓani game da wata ganga da ake kira kabar. Gazali ya sassauta bisa sharuɗɗa. 'Yan'uwanmu Ƙadirawa suna zikiri da bandiri, kuma Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya tsaya a kan haka da hujjojinsa. Mu kuwa wazifa da zikirin Juma'a a zawiyoyinmu murya ce zalla. Hatta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi ba su tsaya wuri ɗaya ba a kan wasu kayan kiɗa: Shehu ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya-baya yana nuni da saɓanin malamai, Abdullahi ya fi tsanantawa. Allah Ya ƙara musu yarda duka. Hukuncin ganga da fiyano sai a kai shi gaban muƙaddami da malamin gari. Abin da nake kira gare shi malamanmu ba su yi saɓani a kansa ba: murya, da baiti mai tsabta, da yabon Annabi (SAW), wanda aka kafa wa Hassanu bin Sabit mumbari a masallacin Madina dominsa.

Sai dai a raba abu biyu tun farko. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma Risala ta hana a karanta shi da karin waƙa. Allo shi ne gaba, ƙasida tana biye. Yaron da aka cika wa baki da bege alhali bai iya wanke allonsa ba, an ɗora masa rawani ne ba riga.

Wannan kira ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu cikin waƙa suka tashi: ta reno a bayan uwa, ta niƙa da daka, ta gaɗa a dandali da farin wata, ta tashe da azumi, gangar noma ranar gayya. Injin niƙa ya zo ya ɗauke dutse, ya tafi da waƙar dutsen. Salula ta zo ta watsa dandali. A gidajen malamai kuwa, da zarar watan Maulidi ya tsaya, wanda maƙwabtanmu na Daura ke yi wa Sallar Gani, sai Ishiriniya ta tashi. Abu Zaid Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara ta: ƙasidu 29 bisa jerin haruffan Larabci, kowacce baiti 20, daga nan ne sunan ya fito. Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya mai da kowane baiti ɗango biyar, kuma wannan tahamisin ne muke rerawa. Ga Burda da Hamziyya na Imamu Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13. Yaran gidan ba a zaunar da su an ce ga darasi ba. Suna kwance a gefen tabarma, barci yana fizgarsu, karin yana shiga. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke jan Ishiriniya a yau haka suka same ta, kunne ya riga ido.

Waɗanda suka gina addini a ƙasar Hausa sun san ƙarfin wannan hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta ba jajis su haddace su kai wa matan ƙauye, waɗanda aka sani da 'Yan Taru. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san siffofin Annabi da hukuncin tsarki ta hanyar rerawa, ta kuma rera wa na goye. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa ta shiga gidajen da littafi bai shiga ba. Ilimin zaure ma da baiti ake riƙe shi: Tuhfatul Aɗfal ta Jamzuri, baiti 61 a kan tajwidi, sunanta ma kyautar yara ne, ga Ibn Ashir a fiƙihu, ga Alfiyyar Ibn Malik mai baiti dubu a nahawu. Shehu Ibrahim Inyass (1900 zuwa 1975) ya tsara Ruhul Adab yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sa'an irinmu da muke jami'a yanzu, sannan ya bar mana Diwani wanda duk wanda ya zauna inda ake jansa ya san abin da yake yi wa zuciya. Muna da abin ba yara. Rumbun cike yake, hannun da zai ɗebo ne ya yi sanyi.

Akwai wani abu da ke tsaye a maƙogwaron iyaye maza, gara a faɗe shi. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado. Kiɗan fada yana da masu shi, irin su marigayi Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram; kalangu da gangar noma kowanne da gidansa. Saboda haka uban da ba daga gidan ya fito ba, in ya ji ɗansa yana jan murya, abin da ke faɗo masa shi ne yaron zai zama maroƙi. Ba na raina mai sana'a, kowa da abin da Allah Ya ɗora masa abincinsa. Amma begen Annabi (SAW) ba gadon wani gida ba ne. Ɗan sarki yana yi, ɗan maƙeri yana yi, ɗan malam yana yi. Lokacin da Abdullahi bin Zaid ya ga kiran salla a mafarki, Annabi (SAW) cewa ya yi ya koya wa Bilal, don muryarsa ta fi kaiwa. Ba a tambayi gidan da Bilal ya fito ba. Sai dai tsoron na iyaye yana da ƙamshin gaskiya, kuma zan dawo kansa.

To yaya za a fara a gida? Daga uwa. Iyayena mata, ku ne makarantar farko ta murya. Wanda ke bayanki yana jin abin da kike rerawa ta ƙashin bayanki kafin ya ji ta kunne. In salatin Annabi ne da hailala a bakinki lokacin shara da surfe da tankaɗe, da shi zai yi barci, da shi zai farka. Ba sai kin iya Larabci ba, ba sai muryarki ta yi zaƙi ba. A wajen ɗanki babu muryar da ta kai taki. Waƙar reno ta gargajiya mai tsabta ma kada a yar da ita, ita ke koya wa yaro daɗin harshensa.

Idan ya fara wayo, tsakanin magariba da lisha akwai ɗan lokacin da gida ke haɗuwa. Minti goma ya isa. Baiti ɗaya, a maimaita shi kwana uku ko huɗu, babba ya ja, yara su amsa. Kada a ce yaro ya rera shi kaɗai tun ranar farko. A bar shi ya ɓuya cikin amshi har kunyar ta sake shi. Sannan abin da aka fi sakaci da shi: a faɗa masa ma'ana da Hausa. Wannan baiti yana maganar haihuwar Annabi ne, wannan yana maganar kogon da ya ɓuya da Abubakar, wannan yana maganar haƙurinsa. Yaro yana son labari fiye da yadda yake son sauti, kuma kowane baiti na Burda ƙofar labari ne. Wanda ya rera abin da ya fahimta, wata rana zai tarar da hawaye a idonsa bai san lokacin da suka zo ba. Wanda ya rera abin da bai fahimta ba, aku ne mai kyan murya.

Ita kuma salula, ba za ta koma inda ta fito ba. Uba ya zauna ya ji abin da ke cikin katin gidansa, kamar yadda yake leƙa rumbu ya ga ko gara ta shiga. Abin da bai dace ba a goge, a zuba Diwani da Ishiriniya na masu kyakkyawan karatu. In ya yi tafiya, saƙon murya da yake turowa ta WhatsApp zai iya ɗaukar baiti ɗaya, yaro ya mayar masa da shi. Na ga gidan da ake yin haka, yaran suna jiran saƙon kamar tsaraba.

Bayan gida sai darasi. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Elhaji Taya, a lakwal kuma akan koya wa yara 'yan waƙoƙi da Faransanci, waɗanda sau da yawa suke rerawa ba su san abin da suke cewa ba. Mu ajin muryarmu ita ce zawiya da Islamiyya. Makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, saboda haka yammacin Alhamis a buɗe yake. A sami zakiri ɗaya mai haƙuri, ba lalle wanda ya fi kowa murya ba, don mai zaƙin murya sau da yawa ba ya iya sauka zuwa inda yaro yake. Ya fara da mafitar haruffa, domin yaron da ke mai da ainun alif, ko ya haɗa sin da sadi, yana iya juya ma'anar baiti bai sani ba. Ya koya musu zama a miƙe, da jan numfashi daga ciki, da inda ake tsayawa don kada a yanke kalma biyu. Ya hana su ihu: ɗaga murya daban, tsage maƙogwaro daban.

Sai awo. Halilu bin Ahmad na Basra shi ya fitar da ilimin aruli, ya ƙidaya bahar 15, Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Burda tana kan Basiɗ, Hamziyya tana kan Hafif. Yaro ba ya bukatar waɗannan sunaye tun yanzu. Abin da yake bukata shi ne ya ji tafiyar baiti a jikinsa, da ɗan bugun tafin hannu a cinya, har ya zama in an karya awo shi da kansa zai yamutsa fuska. Wannan kunnen shi ne zai taimake shi gobe a haddar Ibn Ashir da Alfiyya, shi ne kuma zai sa in ya tashi rubuta nasa begen da Hausa ya fito a tsaye.

Kuma kada bulala ta shiga wannan aji. Gazali ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da takura shi da karatu koyaushe yana kashe masa zuciya. Ta yaya za a dasa son Annabin rahama da dorina? Yaron da muryarsa ba ta da zaƙi a bar shi cikin amshi, kada a ce masa ya yi shiru yana ɓata wa mutane. Kalma ɗaya irin wannan tana rufe bakin mutum har tsufa. Wanda kuma yake tauraro, a shirya shi tun da wuri cewa wajen shekara 13 ko 14 muryarsa za ta fashe. In a lokacin aka ture shi gefe aka ɗauko ƙanensa, zai gane cewa muryarsa ake so ba shi ba, kuma sau da yawa daga nan ake rasa irinsu. A ba shi aikin koya wa ƙanana har muryar ta zauna.

'Yan mata suna da haƙƙi daidai da na maza a wannan, kuma su ne iyayen gobe da za su rera wa na goye. Mata su koya musu, a cikin gida ko a ajinsu. Wanda yake shakkar abin da mace za ta iya a tarbiyya ya dubi aikin Sayyada Ummul Hairi, 'yar Shehu Ibrahim, a Kiota, da makarantun da ta tsayar da dubban matan da suka amfana.

Yanzu sai mu duba gidanmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba duk abin da aka kira bege ba ne ya cancanci kunnen yaro. Akwai sha'iran da shauƙi ko neman suna ya kai su ga kalmomin da shari'a ba ta yarda da su ba, har a ɗaga wani shehi sama da matsayin da shi kansa ya tsaya. Shehu Tijjani (RTA) ya umarci a auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, abin da ya saɓa a bar shi. Babba yana iya cewa zai yi tawili; yaro ba shi da tawili, yadda ya ji haka zai ɗauka ya girma da shi. Ƙissar Rubayyi'u tana kanmu kafin ta hau kan kowa. Shi ya sa ya fi aminci a fara da ƙasidun da malamai suka daɗe suna karantawa suna sharhi, sabuwar waƙa kuwa sai muƙaddami ya ji ta kafin ta shiga bakin yara.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta, wato liƙi. Ana tsayar da yaro ɗan shekara takwas a gaban lasifika ranar Maulidi, ana manna masa kuɗi a goshi, ana ɗaukarsa a waya ana watsawa a TikTok. Kyautar ƙarfafa gwiwa ba laifi ba ce, Annabi (SAW) da kansa ya ba Abu Mahzura azurfa. Amma in yaro ya gane cewa ambaton sunan Alhaji wane yana kawo jika, ambaton Annabi kaɗai kuwa ba ya kawo ko dala, to mun koya masa roƙo da rigar bege, kuma tsoron da ubansa ya ji tun farko ya tabbata. Mai son yi wa yaro alheri ya ba mahaifinsa ko malaminsa a gefe. Haka kuma riƙe ƙananan yara har asuba kusa da lasifikar da ke girgiza ƙirji: kunnen da muke cewa amana ne, ƙara mai tsanani tana lalata shi, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Imamu Junaidu ya ce sauraro yana bukatar abu uku, lokaci da wuri da abokan zama. In haka ne ga manyan sufaye, ina ga yaro? A ba yara nasu zaman bayan la'asar ko bayan magariba, su yi nasu su je su kwanta.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwana ɗalibai ne, na jami'a da na lise. A 'yan shekarun nan Maulidi yana faɗowa cikin damina, lokacin da yawancin 'yan lakwal suke gida. A kusan kowane gari namu akwai tsoho ko tsohuwa mai jan Ishiriniya da wani kari da ba za ka ji shi a kaset ɗin Kano ba, kari ne da ya karɓa daga malaminsa, shi ma daga nasa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu ita suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan an taso daga gona, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki karatunsa a wayarka harafi bayan harafi, ka rubuta sunan wanda ya koya masa. Ka ba zawiya kwafi ɗaya. Sannan ka tara ƙannenka biyar ko shida ka kai su gabansa su amsa masa, domin waya tana ajiye sauti ne kawai, albarkar kuwa a zaman take.

Allah Ya sa muryoyin 'ya'yanmu su tashi da ambatonSa da yabon MasoyinSa, Ya jiƙan waɗanda suka rera mana muna goye. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.